Babi na Biyar: Tukunyar Mai Mura

Shin kunu mai citta da romon kaza suna maganin mura, ko kuwa lallashin mara lafiya ne kawai? Duk shekara, da an gama kai damman hatsi rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai wannan tambaya ta taso a gidaje. A ƙauyukan Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, haka ma a Agiye da Gazawa, yaro yana fara atishawa za ka ji baki ya rabu biyu. Kaka ta ce a ɗora tukunya, a daka citta. Saurayin gidan ya ce wahalar banza ce, a ba shi 'yan kuɗi ya je wurin mai tebur ya sayo kafso.

Kakar ce ta fi kusa da gaskiya. Kunu ba ya kashe ƙwayar mura, amma kafson mai tebur ma ba ya kashe ta. Jiki ne ke yin yaƙinsa da kansa, kuma yawanci yakan gama cikin kwana 7 zuwa 10. Aikin tukunya shi ne ta riƙe mutum har ya gama yaƙin. Idan muka gane yadda take yin wannan aiki, za mu san abin da ya kamata mu zuba a cikinta, da abin da za mu rage, da kuma ranar da za mu sauke ta mu nufi likita.

Me ya sa sai da ɗari?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar hamada. Mafi yawan wannan hazo daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewacin Chadi. Da rana a ƙasar Maraɗi zafi yakan kai digiri 30, amma da asuba a watan Janairu sai ya sauko wajen digiri 13 zuwa 15. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, hanci ya bushe har wani lokaci ya yi haɓo.

Cikin hancin mutum da maƙogwaronsa akwai wata majina siririya da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, suna tura ta baya dare da rana. Duk matar da ta taɓa sharar tsakar gida da rani ta san sai ta yayyafa ruwa kafin ta sa tsintsiya, in ba haka ba ƙurar tashi take yi ta koma inda ta fito. Haka sharar hanci take: in da laima ta tafi daidai, in ya bushe majina ta yi kauri, shara ta tsaya, ƙwayar cuta ta sami wurin zama.

Mura kanta ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma irinta ya haura 200. Shi ya sa mutum ke yin ta bana ya sake yi baɗi, ƙaramin yaro ma yakan yi sau 6 zuwa 8 a shekara ɗaya. Daga mutum zuwa mutum take bi, ta tari da atishawa da hannu. Da ɗari kuwa kowa ya shige ɗaki, an toshe taga da tsumma, yara biyar ƙarƙashin bargo ɗaya. Ɗaya ya kamu, saura sun kamu. Akwai kuma babbar yayarta, mura mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda ke kayar da ƙato kwance. Cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, wadda ke bin sawunta tun 2009, ta ga cewa a watannin sanyi ta fi yawa a Nijar.

Da tsofaffi suka ce sanyi ne ke kawo mura, ba su yi nisa da gaskiya ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa ƙwayar mura ta fi hayayyafa a sanyin cikin hanci, wajen digiri 33, domin garkuwar jiki takan yi rauni a wurin in ya yi sanyi. Sanyi ba shi ke haifar da ƙwayar ba, ƙofa yake buɗe mata.

Abubuwa uku da tukunya ke bayarwa

Na farko ruwa. Mai mura yana asarar ruwa ta majina, ta zufar zazzaɓi, ta numfashi da baki buɗe cikin busasshiyar iska. Ga shi da sanyi ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, ruwan randa kuma ya yi sanyin da ba ya shawuwa. Sai mutum ya yini bai sha abin kirki ba, majinarsa ta ƙara kauri, kansa ya ƙara ciwo. Kwano ɗaya na kunu ruwa ne da ya shiga ciki ba tare da an yi faɗa ba.

Na biyu ɗumi. A 1978 wasu likitoci a Miyami ta Amurka suka gwada mutum 15, suka ba su ruwan sanyi, ruwan zafi da romon kaza, suna auna saurin tafiyar majina a hancinsu. Abin zafi ya ƙara mata sauri, romon ya ɗan fi ruwan zafi, ruwan sanyi kuwa rage ta ya yi. A 2008 kuma cibiyar binciken mura ta Jami'ar Kadif a Birtaniya ta ba masu mura 30 abin sha iri ɗaya, wasu da zafi wasu ba zafi. Waɗanda suka sha da zafi sun fi samun sauƙin ciwon maƙogwaro, jin sanyi da kasala. Sauƙin ba ya daɗewa, shi ya sa kurɓa kaɗan-kaɗan sau da yawa ta fi kwankwaɗa sau ɗaya.

Na uku ƙarfi. Zazzaɓi yana cin abincin jiki, a daidai lokacin da baki ya yi ɗaci, hanci ya toshe, abinci ya daina ƙamshi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abincin mai mura dole ya zama mai sauƙin haɗiya, mai ɗanɗanon da zai ratsa toshewar hanci, mai kuma riƙe ciki.

Kunu, uban tafiya

A ƙasar Maraɗi hatsi ne tushen komai, kuma da ɗari rumbu bai riga ya yi ƙasa ba. Dubi yadda uwar gida ke haɗa kunun tsamiya. Tun da dare ta jiƙa tsamiya a ƙwarya. Da asuba ta surfe hatsi, ta bakace, ta wanke, ta daka shi da busasshiyar citta, ƙwayar kanumfari kaɗan da masoro. Ta kwaɓa garin da ruwan tsamiyar da ta tace, ta bar ruwa ya tafasa sosai a tukunya, sannan ta sheƙa shi kan kwaɓin tana juyawa da ludayi har farin garin ya juye ya yi sheƙi. Tururin da ke tashi daga ƙwaryar yana shiga hancin yaro tun kafin ludayi ya kai bakinsa. "Sha da zafinsa, ɗan nan," in ji kaka, "kar ka bari ya huce."

Duk abubuwan nan uku suna cikin wannan ƙwarya. Ga ruwa, ga ɗumi, ga hatsi, tsamin tsamiya kuma yana tsinka yawu ya tayar da sha'awar ci. Koko ma haka yake, tsaminsa na gasarar da ta kwana ne.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen tsinkawa. Don mara lafiya ya iya sha, sai a yi ta ƙara ruwa har kunun ya zama ruwa-ruwa. Babba zai iya shan kwano biyu ya cike giɓin, amma cikin yaro ƙarami ne, ya cika da ruwa ba abinci. Gyaran yana cikin gida. A zuba cokali ɗaya ko biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin ƙuli-ƙuli, ko garin soyayyen wake, ko madarar jar akuyar nan ta Maraɗi bayan an tafasa ta. Kunun gyaɗa da kansa abincin majinyaci ne. Akwai kuma dabarar tsiro: a jiƙa hatsi ko dawa har ta fito da tsiro, a shanya, a daka. Ɗan kaɗan na wannan gari in aka barbaɗa a kunu mai kauri yana da ɗumi, sai ya saki ya yi ruwa da kansa, ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Yaro ya sha cikin sauƙi, abincin kuma yana nan bai ragu ba.

Kayan yaji da iyakarsu

Abin mamaki, yawancin kayan ƙamshin da ke ƙullin uwar gida a Sae Sabuwa baƙi ne. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachiya da Kafanchan, ta biyo Kano da Katsina ta ƙetaro iyaka zuwa kasuwar Maraɗi. Kimba da masoro 'ya'yan kurmi ne. Kanumfari ya fi kowa nisan tafiya, daga tsibiran Indunusiya, Zanzibar da Madagaska. Tafarnuwa ce 'yar gida, ana noma ta sosai a lambunan Ayar, albasa kuma sunan Galmi ya kai ko'ina.

Me suke yi? Citta da tonka suna sa hanci ya zubo da ruwa, majina ta saki, jiki ya ji ɗumi har zufa ta karyo. Citta tana kuma kwantar da tashin zuciya. Kanumfari yana da mai a cikinsa da ke ɗan kashe zafin wuri, shi ya sa mai ciwon haƙori ke danna shi a kogon haƙori, kuma shi ya sa maƙogwaro ke lafawa bayan shayin kanumfari. Wannan amfani ne na gaske, amma sauƙi ne, ba kisan ƙwaya ba.

Saboda haka yawan yaji ba ya gaggauta warkewa. Wasu sukan zabga tonka har hawaye ya zubo, wai a ƙone murar. Abin da ke ƙonewa shi ne maƙogwaron da dama ya yi ja, da kuma cikin mai gyambon ciki. Gwargwado shi ne abin da mutum zai sha ya ji daɗi ya nemi ƙari. Ga yara kuwa ƙamshin citta ya isa.

Shayin citta ba shi da wuya: a daddaka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, ko rabin ƙaramin cokali na garinta, a sa kanumfari uku ko huɗu, a tafasa a kofi biyu na ruwa kamar minti goma, a tace. Shi ya fi dacewa da mai mura da dare a kan shayin buta mai kauri da samari ke dafawa, domin wancan yana hana barci, barci kuwa rabin jinya ne.

Romo da miya

Ba Hausawa kaɗai ke ba majinyaci romon kaza ba, kusan kowace al'umma tana da nata. A 2000 wani likita mai suna Stephen Rennard a Jami'ar Nebraska ya gwada romon kaza a ɗakin bincike, ya ga yana rage kai-komon wasu fararen ƙwayoyin jini masu haddasa kumburi. A kwalba aka yi gwajin, ba a jikin mutum ba, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin da ba a shakka a kai shi ne romo ruwa ne mai ɗumi, mai gishiri daidai, mai amfanin nama a ciki.

Farfesun mai mura ruwa-ruwa ake yinsa. Kazar gida ko zabo, albasa da yawa, tafarnuwa, citta, kimba ɗaya a fasa, daddawa, gishiri, tonka kaɗan, mai kaɗan ko babu. A bar shi kan wuta marar ƙarfi har nama ya fara barin ƙashi. Ba kowane gida ke iya yanka kaza don mura ba, kuma ba dole ba ne. Ƙashi daga wurin mahauci ran kasuwa, ko busasshen kifi, ko romon wake da albasa, duk suna biyan buƙata.

Abu ɗaya ne abin kiyayewa. Da hunturu ne annobar kaji ke shiga gari, sai mai gida ya ga kaza ta fara gyangyaɗi ya ce a yanka kafin ta mutu, a yi wa mara lafiya romo. Kada a yi haka. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a 2006, kuma wajen yanka da figa ne take iya kama mutum. Kaza mai lafiya ake yi wa majinyaci.

Idan ci ya fara dawowa, tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa sun fi komai sauƙin wucewa a maƙogwaro mai ciwo, saboda yauƙinsu. Zogale kuma, wanda lambunan Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi ke cika kasuwa da shi, yana da sinadarin bitamin A da jiki ke buƙata don gyara fatar cikin hanci da maƙogwaro. A sa shi a miya, ko a yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli.

Zuma da masu tsami

Cikin duk abin da ke gida, zuma ce ta fi samun shaidar likitoci kan tari. Musulmi sun san darajarta tun daga Suratun Nahli. A 2007 likitocin yara a Jami'ar Jihar Fensilbeniya suka gwada yara 105 masu tarin dare: wasu aka ba su zuma, wasu maganin tari na kanti, wasu ba a ba su komai ba. Iyayen waɗanda suka sha zuma ne suka fi ba da labarin sauƙin tari da barci mai kyau. Rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya kafin kwanciya ya isa, a lasa haka nan ko a ruwan ɗumi.

Sharaɗi guda ne, kuma mai girma: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 zuma. Tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjin babba ke iya wa, amma a hanjin jariri sai ta fitar da guba mai shanye jiki har numfashi ya gagara. Ko lasawa a baki kada a yi.

Lemun tsami, zoɓo mai ɗumi da farin garin 'ya'yan kuka da ake dama kwalba-da-nono da shi, duk suna da amfani. Garin 'ya'yan kuka ya ninka lemun zaƙi bitamin C. Sai dai a san abu biyu. Wuta tana lalata wannan sinadari, don haka bayan an sauke shayi ya ɗan huce ake matsa lemun, ba a tafasa su tare. Sannan bitamin C ba ya hana kamuwa da mura ga yawancin mutane. Wanda ya saba samunsa kullum dai murarsa takan ɗan gajarta. Sukari kuma a sassauta, musamman ga mai ciwon sukari.

Fura da kanwa

"Mai tari ba ya shan nono, majina yake ƙarawa." Wannan magana ta zaga duniya, har aka gwada ta. A 1990 a Ostireliya aka sa wa mutum 60 ƙwayar mura da yardarsu, aka riƙa auna majinarsu da yawan madarar da suke sha, ba a ga madara ta ƙara komai ba. Kaurin da ake ji a baki haɗuwar madara da yawu ne. A ƙasar da fura ce abincin rana, hana mai mura fura hana shi abinci ne. A dama masa da tafasasshen ruwa mai ɗumi maimakon na randa, a sa citta, ya sha.

Kunun kanwa kuwa sai da lura. Kanwa gishiri ce mai nauyi, tana sa jiki ya riƙe ruwa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Mai jego, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ko zuciya su bar kunun kanwa, su riƙe na tsamiya.

Jarirai da ƙananan yara

Jaririn da bai kai wata 6 ba, kununsa da romonsa da shayinsa duk nonon uwa ne. Kada a ɗura masa jiƙo, kada a ba shi ruwan citta. A ƙara yawan ba shi mama, in hanci ya toshe ya kasa tsotso a ɗiga masa ruwan gishirin da ake samu a kantin magani. Wanda ya haura wata 6 a ci gaba da ba shi nono da kunu mai gyaɗa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da lallashi ba da ɗure ba, domin ɗure yana iya tura kunu cikin huhu. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu, ya mayar da abin da ya zube.

Inda aikin tukunya ya ƙare

Kafson da saurayin nan zai sayo, irin su amoksisilin, bakteriya suke kashewa, ba bairos ba. Shan su don mura asarar kuɗi ne, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Amma akwai cututtukan da ke shigowa da rigar mura, waɗanda kunu ba ya taɓa su.

Na farko ciwon huhu, wanda ke cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, a tafi likita ranar.

Na biyu zazzaɓin cizon sauro, wanda bai gama tafiya ba a farkon ɗari. Duk zazzaɓi a yaro ko mai ciki a je a yi gwajin jini. Na uku sanƙarau, da ke bin ƙura da rani: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura. A 2015 ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Haka yaron da ya ƙi nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tada shi. Babba kuma da tarinsa ya wuce mako 2, ko ya ga jini a kaki, ya je a duba shi don tarin fuka. Tun 2006 dokar Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a cibiyoyin lafiya na gwamnati, don haka kada tsoron kuɗi ya sa a ƙi zuwa tambaya.

Uwar da ta iya dama kunu mai gyaɗa, ta kuma iya ƙirga numfashin ɗanta, ta haɗa ilimin kaka da na malamin asibiti. Saura abu ɗaya da ke warware duk wannan ƙoƙari cikin dare guda: kaskon wutar da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, da hayaƙin murhu da mace ke shaƙa da goyo a bayanta. Babi na gaba zai duba yadda za a ɗumama ɗaki da ɗari ba tare da an cutar da ƙirjin masu kwana a cikinsa ba.